Matattakalar da fim ya mayar wurin ziyara: darasin Japan ga Kano da Gadaka

A unguwar Yotsuya da ke birnin Tokyo akwai wata matattakala mai jan ƙarfen dafawa, kusa da wurin ibadar Suga. Kafin shekarar 2016, ƴan unguwa ne kawai suka san da zamanta. A wannan shekara fim ɗin zane na Makoto Shinkai mai suna Kimi no Na wa ya fito, kuma a kan wannan matattakala labarinsa ya ƙare. Tun daga nan baƙi daga ƙasashe daban-daban suke tururuwa domin su tsaya inda taurarin suka tsaya, su ɗauki hoto.

Japanawa na kiran wannan al'ada seichi junrei, wato ziyarar wurare masu alfarma. Tushenta shi ne yadda masu zanen anime ke kwaikwayon tituna, tashoshin jirgin ƙasa da shaguna na zahiri dalla-dalla, har mai kallo ya iya gane su idan ya je.

Abin da garuruwa suka samu

Garin Washimiya na lardin Saitama ya zama abin misali. Bayan da shirin Lucky Star ya nuna wurin ibadar Washinomiya a 2007, masu ziyarar sabuwar shekara sun ƙaru daga kimanin 130,000 zuwa kimanin 300,000 a 2008. Ƙungiyar ƴan kasuwar garin ba ta naɗe hannu ba: ta haɗa kai da masu haƙƙin shirin, aka riƙa sayar da kayan tsaraba, kuɗin kuma ya shiga aljihun ƙananan shaguna. A 2016 aka kafa ƙungiyar yawon buɗe ido ta anime, wadda ke fitar da jerin wurare 88 a kowace shekara.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A Kamakura, mararrabar jirgin ƙasa da ta fito a shirin Slam Dunk ta cika da masu ɗaukar hoto a tsakiyar titi, har mazauna suka koka, hukuma ta girke masu gadi.

Namu wuraren fa?

Masana'antar Kannywood, wadda ake danganta mafarinta da fim ɗin Turmin Danya na 1990, ta shafe fiye da shekara 30 tana nuna lungunan Kano, kasuwanninta da bakin madatsar ruwa ta Tiga ga masu kallo daga Maradi har Kumasi da Jidda. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya sa jama'a sun shaƙu da wani gari na ƙirƙira tamkar mahaifarsu. Amma baƙon da ya sauka Kano yana neman inda aka ɗauki wani fim da yake ƙauna, da wuya ya samu allo ko taswirar da za ta yi masa jagora.

Da gwamnatin tarayya ta tashi taimaka wa masana'antar a 2016, sai ta ɗauko babban aiki: ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa, wanda aka janye bayan adawar malamai da wani ɓangare na jama'a. Hanyar Japan ta fi wannan araha, domin ba ta bukatar sabon gini, sai dai yardar mutanen wuri.

Inda kyamara ba ta kai ba

A nan ne batun ya shafi garuruwa irin su Gadaka, hedikwatar masarautar Gudi a jihar Yobe. Wurin da ba a taɓa nunawa ba, ba a marmarin ganinsa. Yawancin ƴan Najeriya sun san Yobe ne ta labaran rashin tsaro, alhali ga tsaunukan Gudi, ga al'adun Ngamawa, ga kasuwar shanu ta Potiskum da ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, mai kimanin shekara 8,000.

Aikin da ke gaban jami'an Abuja bai fi ƙarfin kasafin kuɗi ba. Hukumar fina-finai ta ƙasa da ke Jos da hukumar yawon buɗe ido za su iya tattara jerin wuraren da aka ɗauki fitattun fina-finai, su sauƙaƙa izini da tsaro ga furodusan da ya yarda ya fita daga Kano. Kafin komai kuwa, a tuntuɓi sarakuna, malamai da masu unguwanni, domin su ne za su zauna da baƙin bayan an naɗe kyamara.