Digirin Sufuri da Bai San Hanyar Tasha Ba

A watan Yunin 2025 matatar Ɗangote ta sanar cewa za ta shigo da manyan motoci 4,000 masu amfani da iskar gas ta CNG, domin ta riƙa kai man fetur gidajen mai da kanta. Kafin Satumba ya raba, ƙungiyar ma'aikatan man fetur ta NUPENG ta tsunduma yajin aiki a kan 'yancin sababbin direbobin na shiga ƙungiya, sai da gwamnati ta shiga tsakani. An sha cacar baki a kan wa zai ci riba da wa zai rasa abinci. Tambayoyin da aka tsallake su ne masu buƙatar ilimi: a ina motocin za su sha gas tsakanin Lekki da Maiduguri, wa zai riƙa duba lafiyar tukwanensu, kuma wa zai tsara musu zirga-zirga yadda asara ba za ta cinye ribar ba? Wannan aikin waɗanda suka karanta sufuri a jami'a ne. Muna da su, kullum ma ƙaruwa suke yi, amma ba su ake nema ba idan irin wannan magana ta taso. A ganina matsalar tana cikin abin da ake koya musu da kuma wurin da ake koyar da shi.

Makarantun dai ba su yi ƙaranci ba. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT tana Zariya tun 1986. Jami'ar Jihar Legas tana da tsangayar sufuri sukutum, jami'o'in fasaha na Minna da Akure da Owerri kuma suna da sassan koyar da shi. A Disambar 2019 Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa a kan dala miliyan 50. Sabon abu shi ne yadda batun muhalli da ɗorewa ya kutsa cikin darussa, daga rage hayaƙi zuwa motoci masu lantarki. Idan ka tambayi hukumomi dalili, za su ambaci alkawarin da Najeriya ta ɗauka a Glasgow a 2021 na kai hayaƙinta matakin ba-ci-ba-riba kafin 2060, da dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a shekarar. Alkawarin yana nan a takarda, amma bai taɓa sa wani direba ya sauya inji ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ranar 29 ga Mayun 2023. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan mai adaidaita sahu ya fara tambayar kuɗin mayar da injinsa mai gas, ma'aikaci ya ajiye mota ya koma hawan ta haya, gwamnatin tarayya ta kafa shirin CNG, ta Barno kuma ta sa motocin haya masu lantarki a titunan Maiduguri. A nan ƙasar, aljihu ne ya koya wa mutane tattalin mai, kuma darasin ya fi kama jiki a gareji fiye da ɗakin lacca. Mustapha Gajibo, matashin da ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu lantarki a Maiduguri, barin jami'a ya yi kafin ya kama aikin. Wannan kaɗai ya isa ya hana shugabannin tsangayoyi barci.

Babban dalilin giɓin shi ne cewa karatun aro ne. Yawancin littattafan da ake dogaro da su an rubuta su ne a Turai da Amurka, don ƙasashen da kamfani guda ke da ɗaruruwan motoci, da jadawalin tashi da sauka, da alƙaluman kowace tafiya a kwamfuta. Sufurinmu ba haka yake tafiya ba. Mota ba ta tashi sai ta cika. Layin lodi yana hannun 'yan kamasho da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, manyan motoci kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar masu motoci ta NARTO. Direba ba albashi yake jira ba, balas ake jira ya kawo da yamma, shi ya sa yake gudu, yake lodin da ya wuce ƙa'ida, yake ɗage gyara sai mota ta tsaya da kanta. Ɗalibin da bai fahimci balas ba ba zai gane abin da ke hana direba kashe inji a layi ko rage fasinja ba, komai yawan lissafin hayaƙin da ya haddace.

Dubi tumatir. Daga Kwanar Gafan a Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, a cikin kwanduna da ake jibga wani a kan wani, na ƙasa ya matse, rana ta dafa na sama. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin ƙasar nan yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Duk kwandon da ya ruɓe ya tafi da ruwan ban-ruwa da taki da man dizal da aka ƙona a kansa. Kowa ya san akwatin roba ya fi kwando kare kaya, to me ya hana 'yan gwari rungumarsa gaba ɗaya? Kwando yana da arha kuma ba a dawo da shi, akwati kuwa sai an sayo da tsada, a biya kuɗin komo da shi Arewa, a kuma samu wanda zai ɗauki asara idan ya ɓata. Ƙara da shingayen hanya, inda kowace tsayawa ke cin kuɗi da lokaci. Wannan matsala guda ta ƙunshi duk abin da ake son ɗalibi ya sani game da jigilar kaya mai ɗorewa, kuma ba a warware ta daga kan allo. Sai an je kasuwar da asuba an ƙirga, an auna, an tambayi dillali.

Me ya hana a je? Tsarin ƙarin girma yana da hannu. Malami yana hawa ne da yawan maƙalun da ya buga, musamman a mujallun waje, su kuma sun fi son batutuwan da suka dame su. Wanda ya shafe wata shida yana ƙirga adaidaita sahu a Ƙofar Ruwa ko tireloli a Mararrabar Jos ya yi wa ƙasa aiki, amma takwaransa da ya zauna ofis ya raba takardar tambayoyi zai iya riga shi zama farfesa. Horon sanin makamar aiki, wanda ya kamata ya cike giɓin, sau da yawa yana ƙarewa a ofishin ma'aikata inda ɗalibi ke sa hannu ya tafi. Ga kuma raini daga ɓangarorin biyu: ɗan boko yana ganin tasha wurin 'yan iska ce, ɗan tasha yana ganin mai biro da takarda ɗan leƙen asirin masu haraji ne.

Sakamakon yana bayyana a yadda ake yanke hukunci. A Janairun 2013 Kano ta hana acaɓa saboda tsaro, adaidaita sahu ya cika gurbin ba tare da an tsara masa hanyoyi ko matsaya ba. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka hana adaidaita sahun bin wasu manyan tituna, aka janye dokar nan take saboda motocin da za su maye gurbinsa ba su isa ba. An buɗe tashoshin tsandauri a Kaduna a 2018, da Dala a 2023, da Funtuwa a 2024, amma amfaninsu ya rataya ne a kan jirgin ƙasan da zai riƙa kawo kwantena a kai a kai, alhali har yanzu bisa kwalta mafi yawan kaya ke tafiya. A Oktoban 2024 wata tukunyar gas da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba ta fashe a wani gidan CNG a Benin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nuna gurbin wani ma'aikaci da ya san lissafi kuma ya san titi.

Masu kare jami'a suna cewa ita ba gareji ba ce, aikinta koyar da tunani ne, kanikanci kuwa na kwalejin fasaha ne. Suna ƙarawa da cewa sashen da ba shi da motar kai ɗalibai fili, a tsarin da ya yi asarar wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, ba a yi masa adalci ba idan aka ɗora masa laifin rikicin tituna. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba wanda zai tsara layin dogo da hirar tasha kaɗai. Sai dai rashin kuɗi bai bayyana komai ba. Daga jami'o'inmu da yawa, kuɗin adaidaita sahu ɗaya ya isa kai ɗalibi babbar tashar garin.

Dama kuma tana nan. Sabuwar manhajar CCMAS da hukumar NUC ta fito da ita a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Sashen sufuri a Arewa zai iya zuba wannan kaso a kan jigilar kayan gwari da dabbobi, da tattalin arzikin tasha, da cinikin kan iyaka, ya gayyato tsofaffin direbobi da dillalai su yi wa ɗalibai bayani, ya kuma wajabta cewa kundin kammala digiri ya fito da alƙaluman da ɗalibi ya tattaro da ƙafarsa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 yana kan gini, haka ma bututun gas na AKK mai kilomita 614, duk da ɗage-ɗagen da ya sha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka kammala su ba mu da waɗanda za su haɗa jirgi da tirela da kasuwa, kamfanonin da suka gina su za su kawo nasu mutanen, mu biya su da dala, yaranmu masu digirin sufuri kuma su ci gaba da neman aiki a banki.