Ƙauyen Da Ya Zama Kufai A Tsakiyar Teku

Can a yammacin ƙasar Sikotlan akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Hirta, ɗaya daga cikin tsibiran St Kilda. Yana da nisan mil 40 daga tsibirin Uist ta Arewa. A bakin gaɓarsa akwai ƙauye guda ɗaya tak, gidajen duwatsu a jere suna fuskantar teku, da ɗan ɗakin sujada a gefe.

Mutanen wurin Kirista ne, kuma ba su wasa da ranar Lahadi. Gonakinsu ƙanana ne, saboda haka tsuntsayen teku da ƙwansu su ne babban abincinsu. Samari sukan ɗaura igiya a ƙugu su sauka kan duwatsu masu tsawon gaske su kamo su. Kowace safiya magidanta sukan taru a kan hanya su shirya aikin yini. Abin da aka samo kuwa, a raba wa kowane gida, har da gwauraye da tsofaffi.

To, me ya kashe ƙauyen? A 1697 mutanensa sun kai wajen 180. A 1852 mutum 36 suka tashi zuwa Ostareliya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya samari suka yi ta fita neman aiki. Da masu ƙarfi suka ƙare, sai aka rasa masu riƙe igiya da masu tuƙa kwalekwale. A 1930 sauran mutanen suka rubuta wa gwamnati suna roƙo a kwashe su.

Ran 29 ga Agusta 1930 jirgin ruwa ya ɗauki mutum 36 na ƙarshe. Labari ya nuna cewa sun bar Littafi Mai Tsarki a buɗe da ɗan tsibin hatsi a cikin gidajensu kafin su ja ƙofa. Da yawansu aka kai su Lochaline, aka ba mazan aikin dashen itatuwa, alhali kuwa a tsibirinsu babu itace ko ɗaya.

'Yan'uwa, mu ma mun san ƙauyukan da samari suka bar wa tsofaffi. Ba mu ce laifi ne a tafi birni neman abinci ba. Amma idan mun tafi, wa ke yi wa iyayenmu noma, wa ke kai su asibiti? Ubangiji ya umarce mu mu girmama iyayenmu. Bari mu riƙa aikawa da taimako, mu riƙa zuwa gida tun suna da rai.