Kebbe, Tambuwal ko Sakkwato: Ina Magidanci Zai Zauna Don Karatun 'Ya'yansa?

A watan Disamba na 2020, kwanaki kaɗan bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta ba da umarnin rufe makarantun kwana 16 da ake ganin suna bakin haɗari. A cikin jerin akwai sakandaren gwamnati ta Kebbe, akwai kuma firamaren kwana ta Jabo a ƙasar Tambuwal. Ba a cika wata uku ba aka sake ɗibar 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara, ranar 26 ga Fabrairu 2021, sai umarnin ya faɗaɗa ya shafi makarantun kwana da ke wajen birnin Sakkwato. Ranar 17 ga Yuni na shekarar kuma aka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Duk uban da ke kudancin Sakkwato ya lura cewa abin yana kewaye shi ta gabas da kudu.

Babu mai hankalin da zai ga laifin rufewar, rai ya fi takardar shaida. Amma matakin ya taɓa wani tsari da magidantan karkara suka daɗe suna dogaro da shi. Makarantar kwana ita ce gadar da ta haɗa ƙauye da karatun boko mai zurfi. Manomi a Kuchi ko Ungushi ko Romon Sarki bai taɓa bukatar barin gonarsa don ɗansa ya yi sakandare ba. Sai ya saya masa akwatin ƙarfe da bokiti da 'yar katifa, uwa ta ƙulla masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, a sa shi mota. Gwamnati ta ciyar da shi, ta ba shi malamai, in an yi hutun damina ya dawo ya ɗauki fartanya. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatan jihar da suka fito daga karkara ta nan suka bi. Ana iya sake buɗe makaranta da takardar umarni guda, amma uban da ya ji labarin Jangebe ba da takarda ake kwantar masa da hankali ba. Shi ya sa a zaure da majalisa ake ta juya tambayar da a da ba ta taso ba: mu zauna, ko mu kwashi iyali mu bi makaranta birni?

A Amurka an daɗe ana wannan muhawara, sai dai a juye take. Can, kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa, kuma yaro yakan shiga makarantar unguwar da iyayensa suke zaune. Saboda haka tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu hali suke ficewa daga tsakiyar birni zuwa unguwannin bayan gari, inda gidaje suke da tsada, makarantu kuma suke da kuɗi. Mu a nan tsarin ba haka yake ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cirarsa. A takarda, ɗan Kebbe da ɗan unguwar Runjin Sambo ta birnin Sakkwato haƙƙinsu ɗaya. Bambancin daga wani wuri yake ɓullowa, kuma a ganina wurin shi ne inda malami yake kwana.

Dubi yadda ƙasar take. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Dogon Daji ta nufi Jega, tafiyar kimanin kilomita 100 daga birni. Kebbe kuwa tana can ciki, ta wajen iyakar Zamfara, maƙwabciyar Gummi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum kusan 225,000, ta ba Kebbe kusan 125,000, alhali Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Ma'ana mutane kaɗan ne a warwatse cikin daji mai faɗi, ƙauye nan, ruga can, wasu hanyoyin kuma in damina ta nutsa sai babur.

Malamin da aka tura irin wannan wuri sau da yawa iyalinsa suna Sakkwato ko Tambuwal. Babu gidan malamai, ko akwai amma rufin ya yaye. Litinin takan tafi a hanya, Alhamis da azahar an fara haramar komawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya ninka, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa hannu a kansa a 2024 bai cike giɓin ba. Wanda yake da wani a sama sai ya nemi a mayar da shi gari, wanda ba shi da kowa ya zauna yana ƙirga kwanaki. Malaman lissafi da kimiyya da Turanci su ne farkon tafiya, don su ake nema ko'ina. Malamai mata sun fi wuyar samu, kuma duk wanda ya san karkararmu ya san cewa uba ya fi sakin jiki ya bar budurwar 'yarsa a makarantar da akwai malama. Kalmomin da iyaye suka fi ji daga bakin yara da hantsi ba su da yawa: “Baba, malam bai zo ba, an tashe mu.”

Kada a ɗora wa malamai komai. Ranar kasuwa aji yakan ragu, lokacin noma da girbi ya kusan zama fanko, 'yan mata kuma talla takan riga makaranta. Malamin da ya yi doguwar tafiya ya tarar da yara shida, gobe ba zai yi sammako ba.

A ƙarshen 2015, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda ɗan yankin ne, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya sa Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin tuntuɓa, aka kuma ware wa ilimi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin jihar. An gina azuzuwa, an yi fenti, mai wucewa a mota yana gani. Abin da ba a gani daga titi shi ne ko akwai mai riƙe da alli a ciki ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya.

To, birnin fa? Gaskiya yana da abin da ƙauye ba shi da shi. Akwai tsofaffin makarantu masu suna irin su Nagarta da Sultan Bello da Nana, akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya da aka buɗe tun 1966, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'ar jiha da yaro zai tashi yana ganin ɗalibansu. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, kuma cibiyoyinta a manyan garuruwa suka fi yawa. Ɗan birni ya taɓa kwamfuta kafin ranar, ɗan ƙauye sau da yawa a zauren jarrabawa zai fara gaisawa da ita.

Sai dai baƙon da ya taso daga Kebbe ba kusa da waɗannan makarantu zai sami haya ba. Can gefe zai sauka, ta wajen Gagi ko Tamaje ko More ko bayan Arkilla, inda gidaje suke tsirowa da sauri fiye da makarantun gwamnati. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a irin waɗannan unguwanni za ka leƙa aji ka ga yara a ƙasa, gwiwa da gwiwa, har bakin ƙofa, na baya ba ya ganin allo. Sai maƙwabci ya nuna masa makarantar kuɗi: gidan haya mai ɗaki huɗu, an cire gadaje an jera benci, an rubuta suna da Turanci a jikin katanga. Wasunsu suna koyarwa tsakani da Allah, wasu kuwa riga mai kyau kawai suke sayarwa. Ga kuɗin zango, ga na littattafai, ga na kabu-kabu safe da rana, ga na Islamiyya da yamma. Mutumin da a gida yake buɗe rumbu ya ɗebi gero, yanzu da mudu yake awo, ruwa ma sai ya tsayar da mai kura. In yara biyar ne, lissafin ba ya fita, sai a zaɓi biyu a kai makarantar kuɗi, kuma mun san su wa aka fi zaɓa.

Da yawa sukan tsaya a tsakiya. Ko dai a raba gida, uwargida da yara a birni, maigida a gona yana zuwa ƙarshen wata, ko a ba da yaro riƙo wurin kawu ko gwaggo. Riƙo tsohuwar al'ada ce mai albarka, ta fitar da mutane da yawa, amma ba kowane gida ne yake riƙe amana ba. Yarinyar da aka ce an kawo karatu, a wayi gari ita ce wanke-wanke, ita ce raino, makaranta sai in an gama aiki. Uwa tana ƙauye tana murna 'yarta tana birni.

Ni a ra'ayina an cika kallon abin kamar hanya biyu ce kawai, ƙauye ko Sakkwato, alhali akwai matsakaitan garuruwa: Tambuwal kanta, Dogon Daji, Sanyinna, da cikin garin Kebbe. Haya ta fi sauƙi, gona ba ta yi nisa ba, dangi suna kusa, malami kuma yana iya zama da iyalinsa. Tambuwal tana da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero kuma tana nan gaba kaɗan a hanyar Jega. Amma zama kusa da makaranta mai kyau bai isa ba. Kwalejin tarayya da jarrabawar shiga ta ƙasa ake samunta, kuma yarinyar da ta gama aji shida ba ta iya haɗa baƙi ba, ko katangar gidansu ta jingina da ta kwalejin, ba za ta shiga ba.

Nan ne ainihin ma'aunin yake. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010, da tallafin hukumar USAID, sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwan firamare ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Daga nan aka fito da shirin “Mu Karanta!” na koyar da karatu da harshen uwa tun daga aji ɗaya. Abin mamaki, uban da ya san daidai surar da ɗansa yake a makarantar allo, ya san ranar da aka wanke masa allo, ya san izu nawa ya rage, shi ne kuma bai taɓa miƙa masa takardar boko ya ce karanta min ba. Ko uban bai yi boko ba, akwai ɗan maƙwabta da zai saurara. Kafin a sayar da shanu a kama haya a Tamaje, a zaunar da ɗan aji uku a tabarma a ba shi layi biyar na Hausa. A kuma je makarantar da ake sha'awa a birni, ba ranar da aka gayyaci iyaye ba, a gwada ɗan aji ukunsu. Wani lokaci bambancin yana da girma har ƙaurar ta cancanta. Wani lokaci kuwa riga ce kawai ta bambanta.

Abin da zai rage wa iyaye wannan zulumi gwamnati ta san shi. Ranar 5 ga Oktoba 2020, ranar malamai ta duniya, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi alkawarin albashi na musamman ga malamai, da alawus na aiki a karkara, da gidaje masu sauƙin kuɗi ga malaman ƙauye. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, amma ƙungiyar malamai ta sha kokawa cewa sauran alkawuran ba su iso ba. Jiha da ƙananan hukumomi suna iya farawa da abin da yake hannunsu: a ɗauki 'yan gari masu takardar NCE, maza da mata, a bar su a garuruwansu, a gyara gidajen malamai, a kuma sa kwamitin iyaye ya riƙa duba rajistar zuwa aiki. A ƙauyukan Kebbe da suke fama da hare-hare kuwa, ko ɗan gari ba zai kwana ba sai an tsare hanya da dajin da ke bayan makarantar.