Gajartattun Sunayen Shirye-shiryen Ilimi a Bakin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Galibin hukumomi da shirye-shiryen ilimi na Nijeriya da Ingilishi aka raɗa musu suna, sa'an nan aka gajarta ta hanyar tsintar harafin farko na kowace kalma. Wannan maƙala za ta duba yadda Bahaushe ya karɓi waɗannan sunaye, da abin da ya sami ma'anarsu bayan sun shigo Hausa.

2.0 Furuci

Sunayen sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ake kiran haruffansu ɗaya bayan ɗaya, kamar NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa. Akwai kuma waɗanda ake furtawa tamkar kalma guda. A nan ne tsarin sautin Hausa ya yi aikinsa. WAEC ta zama "Wayek", an cusa /y/ tsakanin wasula biyu. JAMB ta zama "Jam", domin gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere. NECO ta zama "Neko" ba tare da wata wahala ba.

3.0 Ma'ana

A asali, WAEC sunan hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma ne, wadda aka kafa a 1952. JAMB kuwa hukumar share fagen shiga manyan makarantu ce, ta 1978. Amma da Bahaushe ya ce "ya ci Wayek" ko "ta faɗi Jam", jarrabawa yake nufi. Ke nan sunan hukuma ya koma sunan aikinta. NYSC, shirin 1973, ya sami suna na gida, wato "bautar ƙasa", kuma ma'anarsa a fili take ga kowa.

Inda matsala take shi ne UPE da UBE. Harafi ɗaya ya raba su, amma shekara uku ce tsakaninsu. UPE, da aka ƙaddamar a 1976, ilimin firamare ne na shekara shida kyauta. UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ilimin tushe ne na shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. Fassarar da aka saba ji, "ilimin bai-ɗaya", ta ɗauko ma'anar harafin U, ta bar ta harafin B. Uban da bai san wannan ba yana iya cire ɗansa daga aji shida, yana ganin ya sauke nauyi.

4.0 Kammalawa

Gajartaccen suna yakan shiga harshe da sautinsa, ya baro ma'anarsa a baya. Saboda haka ya kamata masana harshe da masu fassara a kafafen watsa labarai su samar wa UBE sunan Hausa da zai fito da shekarun nan tara.