Adireshin intanet na gida: na dindindin ko mai canzawa?

A Ghuddwa, kudu da Sabha a yankin Fezzan na Libiya, mai gida zai sa kyamarar tsaro a shagonsa ko gonarsa, yana son ya riƙa leƙawa ta waya idan ya yi tafiya. Yau ta nuna masa hoto, gobe a ɗauke wuta a dawo da ita, sai ta yi shiru. Sau da yawa kyamarar lafiyarta lau. Adireshin gidan ne a intanet ya canza.

Duk na'urar da ta hau intanet tana da lamba da ake kira adireshin IP, wadda saƙo ke bi ya same ta. Tsarin da aka fi amfani da shi, IPv4, an tsara shi a 1981, kuma lambobinsa ba su wuce biliyan 4.3 ba. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin yankuna. Kason Afirka, har da Libiya da Nijar da Najeriya, yana hannun AFRINIC mai hedikwata a Moris. Saboda wannan ƙarancin ne kamfanonin sadarwa irin su LTT da Libyana da Al-Madar suke tattalin abin da suka samu.

Hanyar tattalin ita ce ba da aron lamba. Rautar gida, wato na'urar da ke haɗa gidan da intanet, tana roƙon adireshi, kamfani ya ara mata na wani lokaci ta tsarin da ake kira DHCP. Idan wa'adin ya ƙare, ko rautar ta mutu ta sake tashi, tana iya samun wani daban. A Fezzan, inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, hakan kan faru akai-akai. Adireshi na dindindin kuwa kamar rumfa ce a kasuwa wadda kowa ya san wurinta, mai canzawa kuma kamar ɗan kasuwar da kullum inda ya samu fili nan yake baza kaya. Na dindindin yawanci ana biyan ƙarin kuɗi a kansa, kuma an fi ba 'yan kasuwa da ofisoshi.

To, wa yake buƙatarsa? Mai kiran 'yan'uwa a Agadas ko Kano ta WhatsApp, ko mai kallon bidiyo, ba ya buƙata, domin shi ne ke fita neman saƙo kuma amsa tana biyo shi. Wanda ke son a shigo masa daga waje, kamar mai kyamara ko mai kwamfutar lissafin shago, shi ne ke da buƙata. Amma ya sani cewa adireshin da ba ya motsi ya fi sauƙin ganewa ga masu kutse, don haka dole ya canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Layukan waya da yawa suna haɗa gidaje masu yawa a kan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Idan lambar da rautarka ta nuna ta fara daga 100.64 zuwa 100.127, kana cikin wannan rukuni. A nan ko hidimar DDNS, wadda ke bin adireshi mai canzawa ta liƙa masa suna ɗaya, ba za ta yi aiki ba. Maganin dindindin shi ne IPv6, wanda lambobinsa suka wadata, sai dai har yanzu bai karaɗe Afirka ba.

Kafin ka biya kuɗin adireshi na dindindin, duba lambar da ke rautarka, ka tambayi kamfaninka ko layinka na haɗaka ne. Idan hira da kallo ne kawai aikinka, mai canzawa ya ishe ka.