Mai Maganin Kusu: Daga Kasuwar Shinkafi Zuwa Talabijin Ɗin Amurka

Sa'ad da nake yaro a Jangeru, babu abin da ke hana ni barci ran Laraba da dare kamar ɗokin kasuwar Shinkafi ta Alhamis. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan tafi da ni don in riƙe masa jaka, amma ni abin da ke kai ni daban ne. Can gefen 'yan hatsi akwai wani bawan Allah da ke shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera ƙulle-ƙullen garin magani, ya kafa sanda mai rataye da busassun ɓeraye har da gafiya, sannan ya ɗauki lasifika ya shiga zuba. Mu a can kusu muke cewa, ɓera sai da na shiga makaranta na san shi a littafi. Mutumin nan yakan kwaikwayi kusu yadda yake leƙowa daga rami, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya yi tangaɗi, ya bingire ƙafafu sama. Jama'a su kwashe da dariya, hannaye su shiga aljihu. Ban taɓa jin an kira sunansa na yanka ba, kowa mai maganin kusu yake ce masa.

Abin da ya tuno mini da shi, mai karatu, wani shiri ne na talabijin ɗin Amurka da ɗana ya nuna mini a YouTube kwanakin baya. Tauraron shirin, Billy Bretherton, sana'arsu ɗaya da mutumin kasuwar Shinkafi. An haife shi a 1968, ya shiga rundunar sojan saman Amurka yana saurayi da burin aikin tsaro, sai aka tura shi fannin ilimin halittu da na ƙwari, wato sashen da ke kare barikin soja daga sauro da ɓera da makamantansu. Da ya bar soja sai ya kafa kamfanin Vexcon a jihar Luwiziyana a 1996, inda mahaifinsa da mahaifiyarsa da ƙaninsa Ricky duk suka shiga aikin. A 2009 tashar A&E ta fara nuna shirin da ake bin sa da kyamara ana ɗaukar aikinsa na yau da kullum, wanda ya shahara da suna Billy the Exterminator, aka yi ta nuna shi har 2012. A 2016 kuma ya yi wani makamancinsa a Kanada.

Wanda ya ga Billy da baƙaƙen tufafi masu ƙusoshi da gashi tsaye cirko-cirko, sai ya ɗauka mawaƙi ne. Ko shakka babu akwai zuzutawa a shirin, domin masu talabijin kasuwa suke nema, kuma sun san kada a tafkin wanka ko maciji a ɗakin girki ya fi jan ido. Amma da na natsu na kalli shirin da idon malami, sai na lura da wani abu. Kafin ya fesa komai, yakan zagaya gida ya gano ta inda ɓarnar ke shigowa, ya bayyana wa mai gida halin dabbar da abin da ke jawo ta, ya rufe fuska da hannu in aikin na feshi ne, ya toshe kafar. Sau da yawa ma dabbar da ya kama da rai yakan kai ta daji ya sake ta. Ashe ana dariya ana koyon darasi. Mutumin Shinkafi bai gaza Billy iya jan taro ba ko kaɗan, in ma ba a ce ya fi shi fasahar baki ba. Bambancin kawai shi ne, taronsa yakan watse kowa da ƙulli a aljihu, babu wanda ya san abin da ke cikin ƙullin, kuma ina kyautata zaton shi kansa bai sani ba.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe ta shigo. Mu dubi kalmar magani. A Hausa, in aka ce maganin abu kaza, galibi ana nufin abin da ke kawar da shi: maganin ciwon kai, maganin sauro, maganin ɓera, maganin ciyawa. Wannan tsari ne mai kyau, ba shi da aibi. Sai dai akwai wani tsarin na biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, inda sunan da ke bin magani shi ne wanda ake so a taimaka wa, kamar maganin yara ko maganin kaji. To, in ɗan kasuwa ya ce ya sa wa wake magani, a wane gida kunnen Bahaushe zai ajiye maganar? A gida na biyu, gidan jinya da tausayi. Ga shi kuwa muna da kalmar guba, muna da dafi na maciji da kunama da kibiya. Gwada ka ce wa mai saye, "Na sa wa waken nan guba," ka ga ko zai miƙo kuɗi. Abu ɗaya ne a cikin kwalba, suna ne ya sauya, kuma da sunan ne tsoro ya fita daga zukatan mutane.

Na ga sakamakon haka a gidanmu. Wata shekara bayan kaka, wani yayana ya sayo ƙwayar nan da ake kira bam, ya jefa cikin buhunan wakensa kamar yadda mai sayarwa ya gaya masa, ya jingine su a ɗakin da yara ke kwana don gudun ɓarayi. Kafin asuba yara biyu suna amai, numfashi na sarƙewa. Allah Ya yi da sauran kwanansu, aka garzaya da su asibiti suka tashi. Ƙwayar nan, wadda aka fi sani da Phostoxin, da ta haɗu da danshin iska sai ta saki iskar fosfin, wadda ke kashe ƙwaro, take kuma kashe mutum in ya shaƙe ta a rufaffen ɗaki. An yi ta ne don ma'ajiyar da aka toshe, nesa da makwanci, a hannun wanda aka horar. Duk wannan gargaɗi yana rubuce a jikin gwangwani, amma da Turanci, gwangwanin kuma yana wajen mai sayarwa, yayana ƙwaya huɗu aka ƙulle masa a leda. Da na tambaye shi daga baya, abin da ya ce shi ne, "Ƙanena, ai magani ne aka ce mini."

Lamarin bai tsaya a gidanmu ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos da aka riƙa samu a cikinsa, fiye da iyakar da ta gindaya. Wannan sinadari shi ne ke cikin Sniper, shi ne kuma bincike ya gano a cikin fiya-fiyar da ake haɗawa a gida a ɗura a kwalaben da ba su da ko rubutu. A 2018 hoton bidiyon wasu 'yan kasuwa suna zuba Sniper a wake ya tayar da hankalin ƙasa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Tambayar da ya kamata ta dame mu ita ce: waken da Turawa suka ce ba su ci, wa ya ci shi? Ni da kai ne, a ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau.

Ba na so a fahimce ni kamar ina ɗora wa manomi laifi. Duk wanda ya san halin da ƙasar Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda ta shiga a shekarun nan ya san cewa buhun wake ɗaya da ya iso gida da jini da gumi ya iso. Akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. A 2021 har kasuwannin mako-mako gwamnatin jiha ta rufe na wani lokaci. Mutumin da ya tsallake wannan duka, ya buɗe buhu bayan wata biyu ya tarar ƙwaro ya mayar da shi gari, ba a yi masa wa'azin haƙuri. Dole ya nemi mafita. Abin da nake tsoro shi ne garin neman gira a rasa ido.

Mafitar kuwa tana nan, ba ta ma da nisa. Iyayenmu sun san a ɗora rumbu a kan duwatsu, a yaɓe tsaga, a cakuɗa wake da toka ko rairayi, a bar mussa ta yi sintiri a gida. Sun san in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wato tsabtar gida ita ce rabin aikin. Kimiyya ma ta zo ta ƙara. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu na Afirka, aka kuma fara yaɗa shi a 2007, leda biyu ce masu kauri a cikin buhun saƙa. In aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowace da kyau, ƙwaron ya shanye ɗan iskar da ke ciki ya mutu, ba tare da ɗigon guba ba. Masu bincike a Maraɗi, irin su Dakta Ibrahim Baoua, sun yi aiki mai yawa a kansa, a Kano kuma ake ƙera shi. Haka nan batun ɓera ya wuce ɓarnar hatsi, tunda shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Tarko da rufe abinci da toshe rami sun fi guba da ake barbaɗawa inda kaza da ɗan yaye ke kiwo.

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga hukumomi: duk wani sinadarin kashe ƙwari da za a sayar a arewa, a wajabta rubuta gargaɗinsa da Hausar boko da ajami, kalmar GUBA ta fito ɓaro-ɓaro, a kuma hana sayar da shi tsinke-tsinke a leda. Na biyu ga 'yan uwana malaman harshe da 'yan jarida: mu daina cewa maganin wake a rediyo da jarida, mu ce gubar ƙwari, har kunne ya saba. Na uku ga masu shirya finafinai da tashoshi irin su Arewa24 da gidajen rediyon jihohi: tauraronku yana nan zaune a kasuwa da lasifikarsa. A ɗauko irin mutumin Shinkafi, a haɗa shi da malamin gona ya horar da shi, a bi shi da kyamara rumbu-rumbu, ya yi barkwancinsa yadda ya saba, amma a wannan karon ya nuna yadda ake ɗaure buhu da yadda ake ɗana tarko. Gani ya kori ji. Manomin da ba zai karanta wannan shafi ba zai tsaya ya kalli wannan a wayar ɗansa.

Amurkawa sun ɗauki mai kashe kyankyaso suka ɗaukaka sana'arsa har duniya ta san sunansa. Namu ya shekara talatin yana tara jama'a a rana, ko sunansa ba mu riƙe ba, balle mu koya masa abin da yake sayarwa. Ban sani ba ko yana raye, amma almajiransa sun cika kasuwanninmu, kuma abin da suka ƙulle a leda yau shi za a ci gobe a tukunyarmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya kuma tsare mu daga cin ajalinmu da hannunmu.