Wasa Sarƙar Zarto Mai Inji a Lambunan Timia

Timia, can cikin duwatsun Azbin, garin lambu ne: dabino, lemo da rumman. Duk wanda ya kai zarto mai inji can don yanka kututturen dabinon da ya faɗi, yashi ne babban abokin gabarsa. Zaren jikin dabino yana riƙe ƙura da yashi, kuma da sarƙa ta taɓa su sai kaifinta ya tafi nan take. Ga shi Agadez, inda za a nemi sabuwa, ta fi kilomita 200.

Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya. In ta koma fitar da gari, ko sai an danna kafin ta ci, ta dakushe.

Kafin a wasa ta, a kashe injin tukuna. Da magagari mai zagaye ake wasawa, wanda ya dace da girman haƙori, galibi milimita 4 zuwa 5.5. A karkata shi wajen digiri 30, a tura daga cikin haƙori zuwa waje, ba a gogawa da baya. Kowane haƙori a yi masa turi daidai da na ɗan'uwansa; in gefe ɗaya ya fi gajarta, zarton zai riƙa karkacewa.

Abin da aka fi mantawa shi ne ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, mai ƙayyade zurfin ci. A rage shi da magagari mai faɗi, ya zauna kimanin milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙori. In aka zarce, injin kan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi.